Yaya Nasiru, Na Ƙi Yi Musu Kyauta

Unguwar Kanawa, Kaduna.

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, gaisuwar da na san ba za a amsa ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ai ba karanta dogon saƙo kake yi ba, layin farko da na ƙarshe kake dubawa, sai ka bugo waya ka ce in faɗa maka da baki. Yanzu babu wayar, don haka sai ka yi haƙuri in rubuta. Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata makwancinka.

Bari in fara da gida, don na san shi za ka fara tambaya. Mama tana nan, ƙafar ce dai har yanzu, wata rana ta yi sauƙi wata rana ta hana ta sallah a tsaye. Anti Zainab ta fita takaba, tana nan a gidanku na Unguwar Dosa, ta koma koyarwa a makarantar da ta bari lokacin jinyarka. Ummi ta yi tsawo har ta kusa kafaɗata, ta kuma ɗauko wannan shirun naka mai ban haushi, a yi ta magana tana kallon mutum. Sadik haƙoransa na gaba sun zube, duk da haka bai daina dariya ba. Mangwaron ƙofar gida ya yi 'ya'ya bana, yaran unguwa suka gama da shi tun yana ɗanye. A ofishinku kuwa an ba wani teburinka tun kafin a yi sadakar arba'in, haƙƙoƙinka kuma duk lokacin da Anti Zainab ta je sai a ce mata ana kan aiki. Ban san wane irin aiki ba ne da ba ya ƙarewa.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Maganar manhajarka ce, da mutanen da ka bar ta a hannunsu.

Ka tuna yadda ka fara ta? Ƙarshen zangon karatu ne, ka dawo daga aiki ka tarar da Anti Zainab a tsakar gida da tarin takardun jarrabawa, tana tara maki da kalkuleta, idanunta sun yi ja. Ka ce wannan wahalar ai kwamfuta ce ya kamata ta sha. Ka zauna ka rubuta mata 'yar manhajar da ke tara maki, ta fitar da na ɗaya da na biyu, ta buga katin sakamako, ba tare da ana buƙatar intanet ba. Daga makarantarsu manhajar ta tafi Kawo, ta tafi Rigasa, ta kai Zariya, har Maraɗi. Da aka ce ka riƙa sayarwa, ka ƙi. Ka bar ta a buɗe, duk wanda ya so ya ɗauka, ya leƙa cikinta ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara, babu ko sisi. Ka yi mata ɗan shafin intanet da ake sauke ta, kore shar, rubutu a cunkushe, mummuna ƙwarai. Ni da ka koya wa tsara shafuka har ya zama sana'ata, sau nawa na ce ka bari in gyara shi? Kullum sai ka ce tunda yana buɗewa a ƙaramar waya, a bar shi haka.

To, Yaya, an gyara shi. Ba ni na gyara ba. Ga yadda aka yi.

Ka san abokinka Injiniya Bashir. Na ce abokinka ne don haka kake kiransa, ni ban taɓa ganin abotar ba. Tun kuna sakandare yake bin ka duk inda ya ga alamar abin arziki zai fito. Bai taɓa rubuta layi ɗaya a manhajar nan ba, amma babu hoton da aka ɗauka saboda ita da ba ya ciki, kuma a tsakiya. Ranar sadakar uku, mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ya aika aka kira ni gefe. Na zaci gaisuwa zai yi mini. Ya yi, a gurguje, sannan ya tambaya ko na san kalmar sirrin shafin. Ko ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Na ba shi, don a ranar ko ɗankwalina aka nema zan miƙa.

Ba a jima ba muka ji wai an kafa kwamitin amintattu, shi ne shugaba, da wasu mutum uku da ban taɓa jin ka ambaci sunansu ba. Suka rubuta wa wata gidauniya ta ƙasar waje suna neman tallafi. Ka san hoton da suka manna a takardar? Wanda aka ɗauke ka a gadon asibiti, kwamfuta a kan cinyarka, robar ƙarin ruwa a hannunka, fuskarka a kumbure. Hoton da ka ce a goge. Babu wanda ya tambayi Anti Zainab. Turawan suka ji tausayi, kuɗi suka fito, kuma a cikinsu akwai kaso na musamman don sabunta shafin intanet.

Sai ga wayar Injiniya, wai in zo taro a wani otal da ke hanyar Malali. Na rufe shagona na hau keke na je. Na same su su huɗu a ɗaki mai sanyi, kowa da farantin kaza a gabansa da robar ruwa. Aka fara da addu'a gare ka, doguwa, har da sharar ido. Bayan an shafa, Injiniya ya gyara hula ya yi bayani. Wai hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su ba wani kamfani a Abuja aikin su biya shi, ko kuma ni, ƙanwar marigayi, in yi shi a matsayin aikin sa kai, ya zama sadaka mai gudana gare ka. Idan na yi, kuɗin da aka ware sai a juya su zuwa wayar da kai da bikin ƙaddamarwa. Wai su duka sun fi son hanya ta biyu, don ta fi dacewa da aƙidar marigayi.

Aƙidar marigayi. Da bakin da ke maiƙo ya faɗa, Yaya.

Na tambaya ko su ma da ke zaune aikin sa kai suke yi. Ya ce ƙwarai kuwa, sai dai ɗan alawus na zama, wanda ba a kiransa albashi. Na tambaya ko mai otal ya ba da ɗakin ne don ladan ya kai gare ka. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce Maimuna akwai barkwanci. Ba barkwanci nake yi ba. Mai ɗaki za a biya shi, mai kaza za a biya ta, mai buga allon sanarwa za a biya shi, mai hoto za a biya shi, kamfanin Abuja in aka ba shi za a biya shi har da godiya. A duk cikin masu hannu a wannan hidima, mutum ɗaya ce kawai aka tuna tana buƙatar lada a lahira fiye da abinci a duniya, kuma ita ce wadda yayanta ya mutu. Wannan ba dabara ba ce? Su nemo wadda kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba, su ɗora mata.

Kuma kada ka zaci ƙaramin aiki ne. So suke shafin ya fito da Hausa da Turanci da Faransanci, a sake rubuta duk bayanan yadda ake amfani da manhajar, a yi wurin tambaya da amsa, a yi wurin labarai, a yi wurin da masu ba da tallafi za su ga abin da kuɗinsu suka yi. Aikin watanni ne, irin wanda mutum ke ajiye komai ya fuskance shi. Ni kuwa a daidai lokacin Hajiya Talatu ta Kinkinau, mai shagon atamfa da leshi, ta nemi in yi mata shafin da za ta riƙa sayar da kaya ga mutanen nesa. Ba zan iya haɗa biyun ba. Da na faɗa wa Hajiya kuɗin aikina ta riƙe baki, ta ce ko gida zan gina mata a cikin wayar, ta taya ni kamar tana sayen tumatir, muka yi ta ja har na gaji. Amma da muka daidaita ta ba ni kafin alƙalami nan take, ba wa'azi, ba hawaye, ba ta ambaci kowa nawa da ya mutu ba. Wallahi na fi ganin mutuncinta a kan na duk mutanen ɗakin otal ɗin nan a haɗe.

Ka san ina da hayar shago, da man janareta, da data. Abin da ba ka sani ba shi ne tun bayan tafiyarka wani ɓangare na kuɗin makarantar Ummi da Sadik a kaina yake. Ba gori nake yi ba, 'ya'yana ne. Ina faɗa ne don ka san watannin da suke so in ba su kyauta ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na koma shago na rubuta wa Injiniya farashina, daidai yadda zan rubuta wa kowa. Na ce ina son aikin, na fi kowa sanin manhajar, zan yi shi da zuciya ɗaya, ga abin da za a biya ni.

Bai ba ni amsa ba. A maimakon haka sai ya shiga guruf ɗin nan na waya da ka buɗe wa masu amfani da manhajar, ya yi dogon rubutu. Wai abin takaici ne yadda wasu makusantan marigayi suka fifita abin duniya a kan gadon alherin da ya bari. Bai kama suna ba, don jarumtarsa ba ta kai nan ba. Nan da nan aka fara turo hotunan fuska mai hawaye. Mutanen da ko sau ɗaya ba su taka asibiti ba lokacin da kake kwance suka cika guruf da Allah ya shirya, da duniya ina za ki da mu. Wani ma cewa ya yi da shi ne ɗan'uwan marigayi, da ko barci ba zai yi ba sai ya gama aikin. Na duba sunansa, shi ne wanda ya taɓa zaginka a guruf ɗin don sakamakon makarantarsa ya ƙi bugawa, alhali tawadar na'urarsa ce ta ƙare.

Da a nan abin ya tsaya da ban damu ba. Amma Injiniya ya san inda zai taɓa. Ya sayi lemo da ayaba ya tafi wurin Mama. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ba ta labarin yadda yake ta fafutukar kada sunanka ya ɓace, da yadda ƙanwarka ta ce sai an biya ta kafin ta sa hannu.

Da na je gida da yamma, Mama ba ta amsa sallamata da kyau ba. Ta ce ashe akwai ranar da zan yi cinikin yayana. Ta ce wa ya saya mini kwamfutar farko, wa ya zaunar da ni ya koya mini, wa ya tsaya mini lokacin da Baba ya ce mace ba ta buɗe shago. Duk kai ne, kuma gaskiya ta faɗa. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin tallafi da alawus, ta ɗaga mini hannu. Daga ranar in na kai mata abinci sai in tarar da shi a rufe yadda na ajiye. In na gaishe ta, lafiya kawai take cewa, ta juya ga carbinta. Ka san Mama ba ta faɗa, shiru take yi, kuma ka san yadda shirunta yake.

A nan na kusa karaya. Na ce da kaina mene ne watanni kaɗan a kan fushin uwa? Na yi niyyar mayar wa Hajiya Talatu kuɗinta. Har na fara zana yadda sabon shafin zai kasance, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin zanen. Shekaru nake son in taɓa koren shafin nan. Sai na tafi Unguwar Dosa in karɓi hotonka mai kyau wurin Anti Zainab, wanda zan sa a fuskar shafin.

Na same ta tana wanki. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta ci gaba da cuɗa rigar Sadik ba ta ɗago ba. Can ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wai lokacin da wankin ƙodarka ya cinye duk abin da ke hannunta, har ta sayar da 'yan kunnenta, ta danne kunya ta kira Injiniya. Ya yi mata addu'a mai tsawo a waya, ya ce Allah ne mai magani. Kafin ya kashe sai ya tambaye ta ko kana iya zama kuwa, don makarantu sun matsa a kan sabon gyaran da ka yi alkawari kafin ƙarshen zango. Kuma ka yi musu, Yaya. Hoton nan da suka samu kuɗi da shi, ashe aikin kake yi a cikinsa.

Ta matse rigar ta ce ba za ta ba da hotonka ba. Ta ce ko in karɓi kuɗi ko in bar aikin, amma gidan nan ya riga ya ba da nasa kason, ba a bin sa komai.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba kana raye, don kai yayana ne kuma ina jin nauyinka. Ina jin haushinka. Ba zan nemi gafara a kan haka ba. Kai ka koya musu. Kai ka saba musu da cewa aikin gidanmu ba shi da farashi. Duk wanda kwamfutarsa ta lalace a unguwa, Nasiru. Duk shugaban makarantar da ya manta yadda ake shigar da sunan ɗalibi, Nasiru, ko ranar Sallah ce. In an ce nawa ne sai ka yi murmushi ka ce a sa ka a addu'a. Sun sa ka kuwa? Kyautar da ka yi wa malaman ƙauye da ba su da ko kuɗin alli, wannan na fahimce ta, ina ma alfahari da ita. Amma masu makarantun kuɗi da ke sauya mota duk shekara fa? Su ma addu'a ka karɓa a wurinsu. Ka tafi ka bar matarka a gidan haya da tarin takardun yabo a bango. Kana ganin mai gidan yana karɓarsu? Me ya sa ba ka taɓa bambanta mai buƙata da mai wayo ba? Ko ka bambanta, kunya ce ta hana ka faɗa? Na so ka saboda wannan halin, na kuma raina shi, duka a lokaci guda, har yau ban san yadda zan raba su ba.

Kada ka ce na raina aikin sa kai. Ka san Malama Rifkatu ta Kawo, wadda duk gyaran da ka yi ita ke fara gwadawa a ajinta ta gaya maka inda ya karye. Ka san Sani na Maraɗi da ya mayar da manhajar Faransanci ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Waɗannan su ne masu sa kai. Suna yi ne lokacin da suka samu sarari, iya abin da suka ga za su iya, ranar da suka gaji su ajiye, babu mai tsare su da sunan mamacinsu. Kuma ka san me? Babu ɗayansu da aka gayyata otal ɗin nan. Ba a ma gaya musu an samu tallafi ba, a guruf suka ji.

Daga gidan Anti Zainab ban koma shago ba. A bakin titi na tsaya na buɗe guruf ɗin na yi rubutu. Na ce ni ce makusanciyar da Injiniya yake nufi, sunana Maimuna, kada kowa ya wahala da hasashe. Na ce da aikin nan ba shi da ko kwabo, da zan yi shi kyauta, a hankali, ranakun Asabar, kamar yadda kowa ke ba da abin da ya samu. Amma tunda an karɓi kuɗi da sunan wannan aikin, duk wanda ya yi shi a biya shi, ni ce ko wani. Na ƙara da cewa ga tayi: idan 'yan kwamiti suka yafe alawus ɗinsu, aka soke otal da biki, aka sayi na'urorin buga takarda aka raba wa makarantun da ba su da su, to gobe zan fara, ba na son sisi.

Yaya, da ka gani. Masu hawaye duk suka ɓace. Malama Rifkatu ce ta fara magana, ta ce Maimuna ta yi gaskiya. Sani ya biyo baya da tambaya guda cikin ladabi, ya ce tunda komai na manhajar nan a buɗe yake, kowa na iya gani, me zai hana a buɗe yadda za a kashe tallafin ma kowa ya gani? Kafin la'asar Injiniya ya kulle guruf ɗin, ya zama shugabanni kaɗai ke iya rubutu. Wai don a kiyaye haɗin kai. Guruf ɗin da ka buɗe don malamin da ya maƙale ya yi tambaya, yanzu sai sanarwar taro da gaisuwar Juma'a.

Suka ba kamfanin Abuja, wanda daga baya aka ce na surukin ɗaya daga cikinsu ne. Ni kuma na koma kan atamfofin Hajiya Talatu.

Zan so in ce maka shafin ya lalace, in ce sun dawo suna roƙona. Ba haka aka yi ba. Yaran Abuja sun iya aikinsu, shafin ya yi kyau, ya fi naka nesa ba kusa ba. Yana da ɗan nauyi a ƙaramar waya, kuma sai an wuce shafi kaza kafin a ga wurin sauke manhajar, amma malamai suna laluben hanya suna samu. Duniya ba ta tsaya don na ƙi ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

An yi biki. An aiko wa Anti Zainab kati mai ruwan zinari, an ce ta zo da yaran a yi hoto da su a kan dandamali. Ta ce suna da Islamiyya. Ni ba a gayyace ni ba, na kuma gode. An ce Injiniya ya yi jawabi har muryarsa ta karye, ya ce shi da kai kuka yi mafarkin nan tare a benci ɗaya.

Shagon Hajiya ya fara aiki. Kullum sai ta kira ni, yau launin leshi bai fito ba, gobe wata a Jos ta ce ba ta ga farashi ba. Tana da mita, amma duk ƙarin aiki sai ta tambayi kuɗinsa kafin in fara. Da abin da ta biya na kai Ummi da Sadik zango na gaba ba tare da Anti Zainab ta je roƙon a ɗaga mata ƙafa ba. Ranakun Asabar kuma in na samu sarari ina zuwa Kawo, ni da Malama Rifkatu muna rubuta bayanin manhajar da Hausa mai sauƙi, muna tura wa malamai ta waya. Ba ta taɓa ce mini don kai zan yi ba. Shayi kawai take dafa mini.

Saura Mama. Mun daɗe a haka, tana amsa gaisuwa da kalma ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce na je na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta dube ni ba ta ce wai ta ji an gama abin Nasiru, in nuna mata. Na zauna kusa da ita na buɗe a wayata. Abin da ya fara fitowa hoton Injiniya ne, ya cika fuskar wayar, cikin babbar riga, yana musabaha da wani Bature, an rubuta jagora a ƙasa. Ta ce in wuce. Na wuce, sai 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, kowa da tarihin karatunsa. Ta ce in wuce. Hotunan biki, hotunan otal, jawabin shugaba. Ta ajiye faifan ta karɓi wayar da kanta, tana ja da yatsa a hankali, ta kawo ta kusa da idonta. Sai can ƙasa, a wani shafi da suka kira tarihinmu, ta same ka. Ɗan ƙaramin hoto ne da aka yanko daga na ɗaurin auren wani, har ana ganin kafaɗar mutumin da ke gefenka. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa kana cikin waɗanda suka ba da gudummawa a farkon tafiya.

Ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ce in sake, na sake.

Ta daɗe tana kallon ka. Sannan ta tambayi abin da aka ba mutanen Abuja. Na faɗa mata abin da na ji. Ta tambayi abin da ni na nema. Na faɗa mata, bai kai rabinsa ba. Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na zaci maganar ta ƙare ke nan. Har na miƙe sai na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wai ashe ma ni araha na yi musu. Ta ce in ɗauko murfin tukunya, kuma kada in tafi sai na ci abinci.

Na ci, Yaya. Na ci ina kuka, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ban san ko za ka ce na yi daidai ba. Na fi zaton za ka sosa ƙeya ka ce Maimuna, da kin yi haƙuri, ai ba don su za ki yi ba. Kullum haka kake cewa, kuma kullum su ne suke ci. Ni dai na zaɓa, kuma ko gobe aka sake tambayata, amsar ɗaya ce. Manhajarka tana nan tana aiki. A ƙarshen zangon nan yara da yawa za su koma gida da katin da ta buga, ba su san sunanka ba, ba su san na Injiniya ba. In akwai lada, ta nan zai zo maka, ba sai ya bi ta otal ba.

Akwai aiki ɗaya da nake yi maka kyauta, bayan kowace sallah, kuma babu kwamitin da ya sa ni. Shi kam ba zan daina ba har in zo inda kake. Allah ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya raya abin da ka bari. Ka huta, Yaya. A can dai babu mai kiran ka ya ce na'urarsa ta ƙi bugawa.

Sai mun zo.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Maimuna